Kafin Mu Yi wa Motar Reshe Ado, Mu Karanta Abin da Ke Rubuce a Tayarta



Ranar da motar reshenmu ta iso harabar sakatariya ina cikin waɗanda suka kewaye ta suna murna. Shekara da shekaru ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinmu, ga shi yau idonmu ya ga abin da kuɗin ya saya: Toyota Hilux ta hannu, mai ja da ƙafa huɗu. Duk wanda ya taɓa hawa babur da damina zuwa makarantar da ke ƙetaren rafi, takardun wani malami marar lafiya na ƙunshe cikin leda a ƙirjinsa, ya san ba almubazzaranci aka yi ba. Shugabanninmu sun cancanci yabo, kuma da yabon na fara.

A taron da ya biyo baya ne aka kawo shawarar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wasu daga cikinmu na ganin ragowar kuɗin da ke asusu a kashe shi wajen saka wa motar manyan tayoyi masu faɗi da sababbin rim masu walƙiya, a ɗaura mata ƙarfe a gaba, yadda duk inda ta shiga za a san malamai sun iso. Lokaci ya ƙure kafin a zo kaina, shi ya sa na kawo maganata nan. Ra'ayina shi ne a saka mata sababbin tayoyi daidai da girman da masu ƙera ta suka rubuta, a yi mata cikakken sabis tun daga tushe, sannan a ware kuɗin kula da ita duk wata, a buɗe mata littafi. Ado ya jira. Ga dalilaina.

Bayan an watse daga taron na tsuguna gindin motar na karanta tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, domin taya ma rubutu gare ta, mu kuwa karatu muke koyarwa. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda manne, wadda masu ƙera motar suka rubuta girman tayar da ta dace da ita da yawan iskar da za a sa. Ta motarmu cewa ta yi 265/65 R17. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ke nan a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗin, wato kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar zaren da ke cikinta, ita kuma 17 girman rim ce a inci, kimanin milimita 432. In an haɗa rim da gefen sama da na ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 776. Ɗan aji shida da ya iya kaso cikin ɗari zai fitar da wannan a kan allo.

Tayar da ake son a saya, kamar yadda aka faɗa a taron, 285/70 R17 ce. Da wannan lissafin, tsayinta milimita 831 ne, ta ɗara tamu da milimita 55. To amma rabin wannan ƙarin ne kawai ke ɗaga motar daga ƙasa, domin ɗaya rabin yana sama da tsakiyar ƙafar. Ke nan duk ɗagawar da za a samu ba ta kai santimita 3 ba, ko tsawon guntun alli ba ta yi ba.

Abin da za a biya a madadin wannan guntun allin kuwa yana da yawa. Tayar ta fi tamu tsayi da kimanin kashi 7 cikin 100, shi kuwa maleji juyin ƙafa yake ƙirgawa, bai san an sauya taya ba. Idan ya nuna direba na gudun kilomita 100 a sa'a, a gaskiya 107 yake yi. Idan ya nuna an ci kilomita 5,000, an riga an ci 5,350, kowane sabis zai riƙa zuwa a makare ke nan. Babbar taya ta fi nauyi, saboda haka birki zai ƙara wahala kafin ya tsayar da motar, boris da giya su ɗauki nauyin da ba a auna musu ba, injin ya ƙara shan mai wajen tashi da hawan tudu. Ga yiwuwar ta riƙa gogar jikin motar in an karya sitiyari har ƙarshe ko an faɗa rami da kaya. Da tsadar man da muke ciki, ban ga hikimar mu sayi abin da zai ƙara mana kuɗin mai kullum ba.

Ba na cewa masu wannan shawara ba su da hujja. Malamin da ya kawo ta a makarantar fadama yake koyarwa, ya san laka sanin da ban yi mata ba, kuma tsoronsa kada motar ta kafe a watan Agusta a zo ana kiran samarin gari su tura. Tsoron nan gaskiya ne. Sai dai abin da ke fid da mota daga laka da yashi ya fi danganta da zanen tayar da gwanintar direba fiye da tsayinta. A girman nan namu na 265/65 R17 ana samun zane iri uku. Akwai mai alamar H/T, ta kwalta. Akwai mai M/T, mai manyan haƙora, ta laka zalla, wadda ke ƙara a kan kwalta kuma ta cinye da wuri. Sai mai A/T, wadda aka yi domin mai bin kwalta da burji da turɓaya a tafiya guda. Ita ce ta dace da mu. Da ita Malam zai sami abin da yake nema, motar kuma ta zauna a kan ma'auninta.

Akwai wani rubutun bayan girman, lamba da harafi, misali 112S. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, 112 kuwa kilo 1,120 ke nan. Harafin na nuna iyakar gudun da za ta jure: S kilomita 180 a sa'a, T kuma 190. Babu mai fatan direbanmu ya kusanci wannan gudun, amma lambar nauyin ta shafe mu ƙwarai, domin na san halinmu. Ranar rabon littattafai ko buhunan tallafin azumi, sai an loda wa motar nan har ta durƙusa. Kada a karɓi tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda masu ƙera motar suka ƙayyade, komai arharta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shekarun tayoyin da motar ta zo da su. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ke farawa da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tayoyin bayan motarmu 1416 ke jikinsu, wato tun 2016 suke duniya. Ta gaba ta hagu ta 2018 ce. Ta gaba ta dama kuwa girmanta ma daban ne, 265/70 R17, ta fi 'yan uwanta tsayi da kusan milimita 27. Safayar da ke maƙale a ƙarƙashi ba iska a cikinta, gefenta duk ya tsattsage kamar ƙasar tafki da rani. Ba na zargin kowa da ha'inci. Haka motar hannu ta gada. An shafe tayoyin da mai sun yi baƙi wuluk, zanensu da saura, shi ya sa idonmu bai kama komai ba ranar murna.

Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Zafi da rana suna busar da ita, ta taurare, ta fara rabuwa da wayar da ke cikinta, har ranar da za ta fashe ana tsakiyar gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo. Kamfanin Michelin, da sayar da taya ce sana'arsa, ya ce in taya ta shekara biyar ana aiki da ita a riƙa kai ta wurin masani yana dubawa duk shekara, in ta cika goma daga ranar da aka yi ta a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya. Wanda ya san zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba zai jira cikar goman ba.

Na ji an ce a Kano ana samun tayoyin Beljiyam masu kyau a rabin kuɗi. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Nijeriya, ba kuwa don a ƙuntata wa talaka aka yi haka ba. Ba wanda ya san ramin da tayar gwanjo ta faɗa ko tsawon lokacin da ta yi tana tafiya ba iska kafin a jefar da ita a Turai. Da yawansu ma na lokacin ƙanƙara ne, an yi robarsu da laushi domin ta kama hanya cikin tsananin sanyi, in ta haɗu da zafinmu sai ta cinye nan da nan. Ko sabuwar ma a duba lambobin nan huɗu kafin a biya, domin tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, daga ƙetare tayoyinmu ke zuwa, wata kuma takan daɗe a sito kafin ta iso shago. Hausawa sun ce arha ba ta ado. A kan taya kuwa, arha na iya cin rai.

Batun tayar nan da ta fi sauran tsayi yana da muhimmanci na musamman ga mota mai ja da ƙafa huɗu. Irin tamu giya uku gare ta na wannan aiki: H2 ta tafiyar yau da kullum, inda ƙafafun baya kaɗai ke ja, H4 ta yashi da laka da hanya mai santsi, L4 kuma ta wurin da ya yi tsanani, inda ake bukatar ƙarfi a tafi a hankali. In an sa H4 ko L4, gaba da baya sun ɗaure ke nan, dole su juya tare. Idan tayoyin ba girma ɗaya ba ne, wata na son ta yi sauri wata na jan ta baya, wahalar kuwa a kan giyar take sauka. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta: wajen shan kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin hanya, a turɓaya sukan ɗan zame su huce, a kwalta kuwa ba wurin zamewa, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Haka kuma ba a barin giyar ta yi watanni ba a taɓa ta ba. Duk wata a sa ta a hanyar ƙasa a yi 'yan kilomitoci, domin mai ya zagaya kayan gaban. Saboda haka tayoyi biyar nake roƙon a saya, girma ɗaya, zane ɗaya, har da safaya.

Sai iska. Na sha tsayawa wurin mai faci ina kallo ya buga taya da sifana, ya saurari ƙararta, ya ce ta yi. Kunne ba geji ba ne. Lambar da ke jikin tayar ma iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, wadda za a bi ita ce ta takardar ƙofar direba. Da safe ake aunawa, kafin a yi tafiya, domin in taya ta yi zafi iskar cikinta kan ƙaru. Kuma kuskure ne a rage wa taya mai zafi iska a tsakiyar hanya. Ƙarancin iska ke sa gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ya fashe, yawanta kuma ya cinye tsakiyar zanen ya rage kamun hanya. Geji ɗan ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai kai na lemon da muke sha a taro guda ba. A saya a ajiye a motar, a auna duk mako biyu da kuma kafin doguwar tafiya. A cikin ramukan zanen taya akwai 'yan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6, in zane ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Mu masu bin laka bai kamata mu jira ta kai nan ba. Duk kilomita 10,000 kuma a sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, a duba saitin ƙafa, domin su cinye tare.

Taya rabin magana ce. Motar nan ba ta zo da wata takarda da ke nuna ranar da aka yi mata sabis na ƙarshe ba, maleji kuwa a motar hannu ba shaida ba ne da za a rantse a kansa. Idan aka kawo mana yaro daga wata makaranta ba tare da sakamakonsa ba, gwaji muke yi masa mu san inda za mu ɗora. Ita ma motar a ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, a fara ƙirga daga yau. A zubar da baƙin mai a sauya filtarsa. A sauya man giya, da man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da man aksil na gaba da na baya, waɗanda aka fi mantawa da su domin ba a ganin su in an buɗe bonet. A sauya filtar iska da ta mai. A zubar da ruwan lagireto a zuba na gaskiya da aka yi domin wannan aiki, domin ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa. Man birki na tsotsar laima, shi ya sa ake sauya shi kamar duk shekara biyu. A duba birkin kansa, a ɗura giris a mahaɗan farfela, a tambayi bakanike ko injin da bel yake aiki ko da kaca, in bel ne a sauya shi, domin tsinkewarsa ana tafiya na iya lalata injin.

Bayan wannan, hanyoyinmu su za su tsara mana jadawali. Littattafan motoci kan raba tuƙi gida biyu, na yau da kullum da na wahala, kuma ƙura da ramuka da kaya masu nauyi duk a gida na biyu suke. Namu tuƙin na wahala ne. Baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000. Da hunturu a riƙa duba filtar iska akai-akai, domin ƙurar da ke cika mana aji ita injin ke shaƙa. Da damina, duk ranar da motar ta ƙetare ruwa mai zurfi a duba man aksil. In ya koma fari-fari kamar an dama madara a ciki, ruwa ya shiga, a sauya shi kafin ya ci haƙoran giya.

Na san amsar da za a ba ni: ina kuɗin? Albashi na zuwa a makare, ga malaman da suka yi ritaya suna jiran haƙƙinsu, ga asusun jinya. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilina. Reshen da ba shi da kuɗin sabis ba zai taɓa samun kuɗin sabon inji ba. Kowannenmu ya san harabar wata ma'aikata inda motoci ke jibge a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinsu, kaji na ƙwai a kujerar direba. Yawancinsu ba haɗari ne ya kai su can ba. Ƙaramin gyara aka ce a bari sai wata mai zuwa, watan bai zo ba har yau. Abin jama'a yakan mutu ne domin kowa na zaton wani ke lura da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ina roƙon Shugaba da 'yan majalisar reshe, Allah ya ƙara muku lafiya, a kawo abubuwa huɗu gaban taro mai zuwa. Na farko, kada motar ta sake doguwar tafiya sai an saka mata sababbin tayoyi biyar masu girman da ke rubuce a ƙofarta, kuma mutum biyu daga cikinmu su karanta lambobin shekararsu kafin Ma'aji ya biya. Na biyu, a yi mata cikakken sabis wurin bakanike guda da aka amince da shi, a tsaya a kansa, a karɓi rasit. Na uku, a yanke wani kaso na kuɗin reshe duk wata a ajiye shi daban domin motar, kada a taɓa shi don biki ko tarbar baƙi. Na huɗu, a buɗe littafi mai bango mai kauri ya zauna a cikin motar, a rubuta kowace tafiya, da wanda ya ba da izini, da abin da maleji ya nuna, da man da aka sha, da ranar kowane gyara, a riƙa karanta taƙaitaccen bayaninsa a taron zango. Mu da muke kiran rajista kullum safiya, muna rubuta tsarin darasi duk mako, ba mu da uzurin kasa riƙe littafi guda na mota. Ina ƙara da cewa direba ɗaya ya riƙe ta, kuma kada a ɗauki mutum a bayanta, domin wurin kaya ne.

Maganar nan ba ta tsaya kan motar reshe kaɗai ba. Da yawanmu muna da babur, wasu sun yi adashi sun sayi 'yar ƙaramar mota, kuma rubutun da ke jikin tayar Hilux irinsa ne a jikin tasu. Malama, ko ba ke ke tuƙi ba, ki leƙa tayar motar maigida ki karanta lambobin nan huɗu, domin ke da yara ke zama a ciki. Malam, ka kai 'yan ajinka gindin wata mota ranar darasin kaso cikin ɗari, za ka ga yadda lissafi zai shiga kansu.

Waɗanda za su hau motar nan mu ne: Sakatare da zai kai ƙorafinmu hedikwata, da malamar da naƙuda ta kama a makarantar ƙauye, da tawagar da za ta je yi wa iyalan ɗan uwanmu ta'aziyya. Kowannensu akwai masu jiran dawowarsa a gida. In akwai kuskure a lissafina, ga filin nan a buɗe, a gyara mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kuwa babu, to a fara da taya da mai da littafi, in kuɗi ya ragu a rubuta sunan ƙungiya a ƙofa.

Allah ya sa mu hau lafiya mu sauka lafiya, ya albarkaci guminmu da aka tara aka sayi wannan mota. Wassalam.